Zagayen wuraren tarihi a Maradi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da 'ya'yan gari suke yawan yi, musamman matasa da waɗanda suka daɗe a Yamai, Kano ko ƙasar waje suka dawo gida da iyalinsu. Baƙo ma zai amfana da amsoshin, amma da ɗan Maradi nake magana, wanda kullum yake wucewa ta ƙofar fada a kan babur bai taɓa tsayawa ba.

Maradi ai garin kasuwanci ne. Akwai wani abin tarihi da za a gani kuwa?

Akwai. Sai dai wanda ya zo neman dogayen gine-gine masu ɗaruruwan shekaru zai koma da ƙorafi. Abin da Maradi take da shi ya kasu wuri huɗu: fadar Sarkin Katsina da filin da ke gabanta, tsofaffin unguwannin da ke kewaye da fadar, fadamar gulbi inda garin farko ya zauna, sai garuruwa biyu na kusa, Tsibiri da Madarunfa. Kasuwancin da ake ganin ya rufe komai shi ma yana da nasa tarihin, kuma ya bar gine-gine.

Me ya sa ba mu da tsofaffin gine-gine irin na Damagaram ko Agadas?

Saboda ruwa. Garin farko a cikin fadama yake, kusa da Gulbin Maradi, cikin itatuwa masu duhu waɗanda suke kare mutane daga mahaya dawaki a zamanin yaƙe-yaƙe. A damina ta 1945 gulbi ya yi ambaliya ya ci garin. Ginin ƙasa ne da bukkoki, ruwa kuwa idan ya kwana a gindin katangar ƙasa, ta gama yawo. Bayan haka Turawan Faransa da ke mulki suka tashi mutane zuwa kan tudu, suka yanka filaye da tituna miƙaƙƙu masu gittawa juna. Shi ya sa tsakiyar Maradi take a tsare, layi bayan layi, ba ta da lunguna masu murɗewa irin na Birnin Damagaram.

Fadar Damagaram tun tsakiyar ƙarni na 19 take tsaye a inda take. Hasumiyar masallacin Agadas an fara gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844. Su ba su tashi daga mazauninsu ba. Mu kuwa garin da muke ciki yau, yawancin tsofaffin gine-ginensa ba su wuce shekara 80 da 'yan kai ba, ko da yake sarautar da ke cikinsa ta girmi haka nesa ba kusa ba. Duk wanda ya riƙe wannan a ransa, zagayen zai yi masa ma'ana.

To ina tsohon garin yake, kuma me ya rage a can?

Yana yamma da garin yanzu, idan ka gangara daga tsofaffin unguwanni zuwa gulbi. Yau gonaki ne da lambuna da itatuwan mangwaro. Kada ka sa ran ganin bango a tsaye. Abin da za ka samu shi ne yanayin wurin: gangaren da ya raba tudu da fadama, yashin gulbi da rani, da nisan da ke tsakanin ruwa da inda mutane suka kwana. Idan ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai ka dubi gari a sama, labarin 1945 zai zauna maka fiye da yadda kowa zai ba ka shi.

Ka tafi da dattijo. Wannan shi ne sharaɗin. Masu noman wurin da yawa gonakin gado ne a hannunsu, kuma akwai waɗanda iyayensu suka nuna musu inda gidansu yake kafin tashi. Waɗanda suka ga ambaliyar da idonsu suna yara, yanzu sun haura 85, kuma kowace shekara raguwa suke. Ni a ganina babu wani abu a duk wannan zagaye da ya kai zama da ɗaya daga cikinsu gaggawa.

Gulbin kansa daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Maradi da Tsibiri, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, zuwan ruwansa ya sauya.

Me ya sa ake cewa Sarkin Katsina alhali a Maradi yake?

Domin gidan sarautar Katsina ne na kafin jihadi. A 1807 mutanen Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ƙarƙashin Malam Ummarun Dallaje, suka ci Birnin Katsina. Sarakunan Haɓe suka fita suka yi arewa. A Ɗankama aka sake cin su, inda Sarki Magajin Halidu ya rasu. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, ya tafi ƙasar Damagaram ya zauna shekaru yana jiran lokaci.

A wannan lokaci yankin Maradi yana hannun wakilan sabuwar daular Sakkwato, mutanen ƙasa kuwa ba su ji daɗin riƙon ba. Suka yi tawaye, suka kira Ɗan Kasawa, ya zo ya zauna Maradi wajen 1819. Bai ɗauki kansa sarkin wani sabon gari ba. Sarkin Katsina ne da ke zaune a wani wuri kafin ya koma gida, haka ma waɗanda suka gaje shi. Shi ya sa suka zo da sarautunsu cif: Ƙaura, Galadima, 'Yandaka, Durɓi, da Iya a ɓangaren mata. Kusan ƙarni na 19 duka yaƙi ake tsakanin Maradi da Katsina da Sakkwato. Sarki Rauda, wanda ya gaji Ɗan Kasawa, a fagen fama ya rasu a Gawakuke a 1836, tare da Sarkin Gobir Ali, a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Daga baya Ɗan Baskore ya yi sama da shekara 20 a kan gado, kuma zamaninsa ne ake tunawa da shi a matsayin lokacin ƙarfin Maradi. A ƙarshen ƙarnin rikicin cikin gida ya sa Sarki Mijinyawa ya koma Tasawa, dalilin da ya sa har yau akwai reshen gidan a can.

Komawa Katsina ba ta yiwu ba. Yarjeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1904 da 1906 suka ja iyaka tsakanin garuruwan biyu, waɗanda tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita 100 ba. A 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga sarautar zuwa matsayin sultan, tare da ta Gobir da ta Dosso. Yau zumunci ne tsakanin gidajen biyu, ana ziyartar juna, auratayya da ciniki kuwa ba su taɓa yankewa ba.

Ana barin talaka ya shiga fada?

Fada gidan jama'a ce, amma gidan mutum ce kuma, da iyalinsa a ciki. Filin da ke gabanta, wanda ke ɗauke da sunan Ɗan Kasawa, kowa na iya tsayawa ya duba. Shiga ciki kuwa sai da izini. Ka yi sallama ga dogarai ko fadawan da ke ƙofa, ka faɗi ko kai ɗan gidan wa ne da abin da ya kawo ka. Idan ɗalibai ne ko ƙungiya, a aika tun kafin ranar.

Ka sa tufafin mutunci, da hula idan namiji ne. Ka cire takalmi inda ka ga an cire. Idan aka kai ka gaban sarki ka durƙusa ka yi gaisuwa, "Allah ya ja zamanin sarki" ko "ranka ya daɗe", ka bar fadawa su amsa, kada ka miƙa hannu sai an miƙo maka. Wanda ya zagaya da kai, ka ba shi ɗan abin goro. Ba farashi ba ne, al'ada ce.

Ginin fadar na bayan tashin gari ne, an kuma yi masa gyare-gyare. Abin da ya fi ginin tsufa shi ne abin da ake yi a cikinsa: yadda masu sarauta suke zama kowa da wurinsa, tambura, kakaki da algaita, da kirarin da maroƙa suke jerowa da sunayen sarakuna tun daga Katsina. Ranar hawan salla duk wannan yake fitowa fili. Idan sau ɗaya kawai za ka je a shekara, ka je ranar.

Daga wace unguwa zan fara?

Daga ƙofar fada, da ƙafa. Unguwannin da ke wajen, irin su Bagalam, 'Yandaka, Maradawa, Limanci, Hasau da Ɗan Gulbi, da sunayensu suka hauro daga fadama. Mutane sun rasa gidajensu amma ba su yarda sun rasa maƙwabtansu ba. 'Yandaka sarauta ce, Limanci wajen liman ne, Hasau kuwa yana tuna Ƙaura Hasau, mayaƙin da ya yi ƙarfi ƙwarai a ƙarshen ƙarni na 19. Daga nan ka biyo ta Mokoyo da Sabon Gari, ka fita zuwa Zariya da Ali Ɗan Sofo, za ka ga yadda garin ya yi ta miƙewa a kan tudu zamani bayan zamani. A ƙidayar 2012 mutanen birnin sun haura 267,000, yanzu kuwa an wuce nan da nisa.

Idan na ga tsohon gidan ƙasa, me zan duba?

Fara da zaure, domin nan maigida yake nuna kansa. Dubi kaurin bango a bakin ƙofa. Tsohon gini da tubali ake yinsa, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, gindin bango ya fi samansa kauri. Ɗaga kai ka dubi rufi. Idan azara ce, itacen giginya ne da aka tsaga, wanda gara ba ta cika damunsa ba, an jera shi an ɗora ƙasa a kai. Idan ka yi sa'a za ka tarar da ɗaurin guga, inda magini ya lanƙwasa bakuna daga bango zuwa bango suka haɗu a tsakiya ba tare da ginshiƙi ba. Wannan aikin gwanaye ne, masu iya shi kuwa sun yi ƙaranci.

A waje ka dubi zankwaye a kusurwoyin soro, da indararo mai zubar da ruwan sama nesa da bango, da zanen da aka yi a fuskar gida tun yaɓe yana ɗanye. Wasu bangayen an shafe su da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa don ta hana ruwa shiga.

Sannan ka zauna a ciki minti kaɗan da tsakar rana a watan Afrilu, ka fita ka shiga ɗakin bulo mai rufin kwano. Jikinka zai gaya maka abin da maginan da suka sani.

Zamanin Faransa fa, ya bar wani abu?

Ya bar tsarin titunan da muka ambata, da unguwar ma'aikatu inda ofisoshin gwamnati suke. A 1927 aka mayar da mazaunin kwamandan yankin daga Tasawa zuwa Maradi, daga nan garin ya fara zama cibiyar mulki.

Abin da ya fi wannan tasiri shi ne gyaɗa. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA sun buɗe kantuna da rumbunan ajiya, suna sayen gyaɗa ta hannun 'yan kasuwar gari, ana fitar da ita ta Kano. An kafa masana'antar matsar man gyaɗa tun shekarun 1940. Bayan samun 'yancin kai aka kafa SONARA, hukumar cinikin gyaɗa ta ƙasa, a 1962 ta karɓi cinikin. Farin farkon shekarun 1970 ya karya noman gyaɗa, amma kafin nan ya riga ya haifar da alhazan Maradi, waɗanda suka juya dukiyarsu zuwa cinikin kan iyaka, suka gina benaye da masallatai da makarantu. Idan kana yawo wajen tsohuwar unguwar kantuna ka ga dogon gini mai kaurin bango da manyan ƙofofin ƙarfe, ka tambayi dattijon da ke zaune kusa ko na wane kamfani ne a da. Irin waɗannan gine-gine babu mai kallonsu a matsayin tarihi, shi ya sa suke saurin tafiya idan an sayar da fili.

Babbar kasuwa da filin kokawa suna cikin lissafi?

Suna ciki. Ginin kasuwar sabo ne, amma cinta na Litinin da Juma'a tsoho ne, kuma nan za ka ga ƙasar Katsina da Gobir duka ta hallara: masu hatsi, masu fata, maƙera, masu magungunan gargajiya. Ka nemi wajen dukawa. Fatar jar akuyar Maradi ta yi suna har ƙasashen Turai saboda laushinta.

Filin kokawa yana ɗauke da sunan Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jihar Maradi da ya ɗauki takobi a gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975. Wasu tituna da gyaran fuskar gari da ake gani kuwa na bikin ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba na 2015 ne, wanda aka yi wa laƙabi da Maradi Kwalliya.

Tsibiri ta cancanci a je?

Ƙwarai. Tafiyar ba ta kai kilomita 15 ba, a kan hanyar Yamai. Labarinta ɗan'uwan namu ne: Gobirawa sun rasa Alƙalawa a 1808, suka yi ta gwagwarmaya, bayan Gawakuke kuma Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri a 1836 da goyon bayan Katsinawan Maradi. A can Sarkin Gobir yake, da Inna, wadda matsayinta a gidan sarautar Gobir babba ne. Ladabin shiga fada ɗaya ne da na nan. Idan Bagobiri ya tsokane ka, ka rama da fara'a, ka dai tabbata ka gaida manya tukuna.

Kaburburan waliyyai 99 na Madarunfa fa? Na ji wasu malamai suna hana zuwa.

Madarunfa tana kudu, kimanin kilomita 25. Akwai tabki, wanda masunta suke kamun kifi a cikinsa tsuntsaye kuma suke sauka da hunturu, akwai daji mai kariya, akwai kuma kaburburan da mutanen wurin suke cewa na bayin Allah 99 ne, a warwatse kewaye da tabkin. A 2006 Nijar ta sa wurin cikin jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Maganar malamai gaskiya ce, akwai saɓani, kuma a Maradi ba ƙaramin saɓani ba ne. Wasu suna zuwa ziyara da addu'a, wasu suna ganin abin da ake yi a wurin ya wuce iyaka. Wannan ka tambayi malaminka. Abin da zan ce kawai shi ne, wanda ya je don ya san ƙasarsa ya yi sallama ga mamata kamar yadda ake yi a kowace maƙabarta, kada ya taka kabari, kada kuma ya tsaya gardama da mutanen da ya tarar. Ka fara gaida masu kula da wurin kafin ka shiga.

Game da hanya: wasu ƙauyukan kudu da yamma da Madarunfa, wajen iyaka, sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Ka tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a ranar, ka tafi da safe, ka dawo kafin la'asar ta yi sanyi.

Wane lokaci ya fi, kuma nawa zan kashe?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sassafe ko bayan la'asar. Da bazara zafi yana haura digiri 40, da damina kuma fadama ba ta takuwa. Cikin gari kuɗin kabu-kabu ne ko adaidaita, da ruwan sha, da abin goro. Ka riƙe canji.

Zan iya ɗaukar hoto?

Ka tambaya tukuna, ko da bango kawai za ka ɗauka, domin bayan bangon akwai matan aure. A fada sai an ce maka to. Barikin soja, ofishin 'yan sanda da na jandarma kuwa kada ma ka ɗaga waya. Idan dattijo ya yarda ka naɗi muryarsa, ka fara da sunan unguwa da ranar da aka yi hirar, ka kuma ba jikokinsa kwafi. Sau da yawa su ne ba su taɓa jin labarin ba.

Yaya zan sa yara su damu da wannan?

Kada ka fara da shekaru da sunayen sarakuna, suna samun wannan a lakkwal. Ka kai su gangaren gulbi su sauka da ƙafarsu su hauro. Ka kai su hawan salla ka ɗora ƙaramin a wuya. Ka sa su tambayi kakarsu, "Iya, a wace unguwa aka haife ki, wa ya gina zauren gidanku?" Yaro da ya ji sunan kakan kakansa a cikin labari, shi zai dawo yana tambayar sauran.

Gidanmu na gado yana da tsohon zaure, 'yan'uwa suna so a rushe a yi shaguna. Me zan ce musu?

Kada ka fara da faɗa, domin suna da hujja. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, magina sun yi tsada, haya kuma kuɗi ce da gida yake bukata. Gado kuma haƙƙin kowa ne, ba naka kai kaɗai ba.

Abin da za ka iya kawowa shi ne tsaka-tsaki. Sau da yawa ana iya fitar da shago ɗaya ko biyu daga katangar gefe a bar zauren. Ka ce kai za ka ɗauki nauyin yaɓensa, ka kuma cika. Ka kira tsohon magini ya duba azara da indararo, domin yawancin zaurukan da suke faɗuwa daga sama ruwa yake cin su, ko kuma daga gindi inda kwata take kwanciya. Ka kiyayi shafe bangon ƙasa da siminti kai tsaye: yana riƙe danshi a ciki, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana sai ɓawon ya zubo gaba ɗaya.

Idan kuma magada sun tsaya a kan rushewa, ka nemi su ba ka mako guda. Ka ɗauki hoton kowace fuska, ciki da waje da rufi, ka auna tsawo da faɗi da kaurin bango ka rubuta, ka tambayi Baba ko Kawu shekarar da aka gina da sunan maginin. Ka cire ƙyauren ƙofar da 'yan azara masu kyau ka adana, domin ana iya sa su a sabon ginin.